Babi na Shida: Yunwa a Filin Jirgin Sama

Duk wanda ya taɓa yada zango na awa shida ko bakwai a babban filin jirgin sama ya san lokacin da ciki ke fara kira. An gama layin bincike, an cire bel da agogo an mayar, an gano ƙofar da za a shiga jirgi na gaba, mutum ya samu kujera ya zauna. A nan yunwa ke tasowa gaba ɗaya. Sai ya miƙe ya nufi shagon da ya fi kusa, ya tarar da burodi mai sanyi da aka tsaga aka cusa wa ganye da yankan cuku, an naɗe shi a leda tun asuba, kuɗinsa kuwa in aka juya zuwa naira ya isa cefanen gida. Wani ya saya yana ƙunƙuni, wani ya haƙura ya koma kujera da yunwarsa. Dukansu suna barin wurin da yaƙinin cewa haka abincin filin jirgi yake, ga tsada ga rashin daɗi.

Ni ban yarda da haka ba. A kusan kowane babban filin jirgi akwai abinci mai zafi, mai daɗi, a kan kuɗin da hankali zai ɗauka. Abin da ya sa fasinja ba ya ganinsa shi ne ba don shi aka dafa ba.

Kafin mu je can, ya kamata a fahimci inda tsadar ta samo asali, domin wanda ya san tushen abu ya fi iya kauce masa. Filin jirgi ba ya rayuwa da kuɗin saukar jirage kaɗai. Wajen kashi 40 cikin 100 na kuɗin da filayen jirage na duniya ke samu yana fitowa ne daga hayar shaguna, gidajen abinci, wurin ajiye motoci da tallace-tallace. Mai gidan abinci yakan sa hannu a yarjejeniyar da za ta ba hukumar filin wani kaso daga duk abin da ya sayar, tare da alkawarin cewa ko an yi ciniki ko ba a yi ba, akwai adadin da zai biya a shekara. Bayan wannan, kowane buhun shinkafa da kowane katan na ruwa sai ya bi ta na'urar bincike kafin ya shiga. Kowane kuku da mai wanke-wanke sai an tantance shi an ba shi katin shiga. A filaye da dama wuƙaƙen kicin ma a ɗaure suke da sarƙa, ana ƙirga su, kuma ba a yarda a kunna wutar gas ba, sai dai lantarki. Duk wannan ɗawainiya a kan farantin fasinja take sauka.

Akwai kuma abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Sunan da ka gani a saman shago, wanda ka sani tun daga cikin gari, sau da yawa haya aka ɗauko shi. Masu tafiyar da kicin ɗin wasu manyan kamfanoni ne da sana'arsu ke nan, irin su SSP na Birtaniya, ko Avolta, wanda ya samu a 2023 bayan haɗewar Dufry da Autogrill. Kamfani ɗaya na iya riƙe da shaguna goma a jere, kowanne da sunansa da launinsa daban, alhali sito ɗaya suke ɗibar kaya. Mutum ya yi ta zagaye yana neman sauƙi, bai san hannu ɗaya ne ya rubuta farashin duka ba.

Amma babban dalili ya fi waɗannan sauƙin faɗa. Fasinja baƙo ne da ba zai dawo gobe ba. In abincin bai yi masa daɗi ba, kafin ya gama ɓacin rai yana sararin samaniya, wani sabon mai jin yunwa ya maye gurbinsa a layi. Mai sayarwa ba shi da abin da zai ji tsoro.

To, a wannan filin dai akwai wasu mutane da za su dawo gobe, su dawo jibi, su yi shekara goma suna dawowa. Su ne masu shara, masu loda akwatuna, jami'an tsaro, 'yan kwastam, injiniyoyi, direbobin bas da masu duba tikiti. Filin Heathrow na Landan kaɗai yana da ma'aikata fiye da 70,000, yawan mutanen wani gari sukutum. Albashin mafi yawansu ba zai ɗauki farashin fasinja ba, kuma ba za su yarda a ba su abinci marar daɗi sau biyu ba. Dole a samu inda ake dafa musu. Duk wanda ya saba da tasha ya san wannan hikima: matafiyi mai wayo ba ya sayen abincin da aka miƙo masa ta tagar mota, yakan duba rumfar da direbobi da 'yan kamasho suka cika, ya bi su can.

A filin Suvarnabhumi na Bankok, wanda aka buɗe a 2006, wurin yana hawa na ɗaya, can kusa da Ƙofa ta 8, a kwanar da fasinjan da ke gaggawa ba ya waiwaya. Sunansa Magic Food Point. A bakin ƙofa za ka ba da kuɗi a ba ka takardun sayen abinci, ka shiga ka zagaya rumfuna, abin da ya rage maka a mayar maka da kuɗinka. Shinkafa da kaza, taliya cikin romo, soyayyar shinkafa, 'ya'yan itace yankakku, kusan a farashin cikin gari, kuma akwai rumfunan halal. Da tsakar rana sai ka ga wurin ya cika da masu kayan aiki, daga mai goge ƙasa har ma'aikaciyar jirgi. Hawa biyu ko uku a sama, irin wannan farantin ya ninka kuɗi, kuma bai kai shi ɗanɗano ba.

Singafo ta fi kowa fito da abin fili. Ƙasa ce da cin abinci a rumfuna ya zama al'adarta, har UNESCO ta sa wannan al'ada cikin jerin gadon ɗan Adam a 2020. A filin Changi akwai kantin ma'aikata a ƙarƙashin ginin Tasha ta 1, kuma ba a hana baƙo shiga. Farashi biyu ake rubutawa, na ma'aikaci da na baƙo, amma na baƙon ma bai kai na sama ba ko kusa. A ƙarƙashin Tasha ta 3 kuma akwai babban zauren rumfuna na Kopitiam, inda mutanen gari kan zo da iyalansu cin abinci ko ba su da tafiya. Wannan ita ce shaida mafi ƙarfi da gidan abinci zai samu: a ce mutum ya baro gidansa ya zo filin jirgi don ya ci. A can za ka samu shinkafar da aka dafa da madarar kwakwa, da wata gurasa mai laushi da ake soyawa a gabanka ana ci da miyar kori, da shayi mai madara da ake ɗagawa sama ana zubawa daga kofi zuwa kofi har ya yi kumfa.

A gida ma haka abin yake. A Kano, Abuja ko Legas, wanda ya isa da wuri ya tambayi direbobin tasi ko masu tura kaya inda suke cin na rana, za a nuna masa wata rumfa a wajen ginin, can gefen wurin ajiye motoci, inda tukunya ke kan wuta. Zai ci shinkafa da wake ko tuwo da miya mai zafi kafin ya shiga. Tambayar ita ce mabuɗi, kuma ya kamata a san wa za a yi wa. Teburin ba da bayanai zai nuna maka shagunan da ke cikin taswira. Mai shara kuwa zai nuna maka inda shi kansa ya ci jiya. Ka gaishe shi da mutunci, ka tambaye shi a ina ma'aikata ke cin abinci. Ko ba ku jin harshen juna, nuna baki da nuna rigar aikinsa ya wadatar.

Sai dai dole in faɗi iyakar wannan dabara. Mafi yawan irin waɗannan kantuna suna waje ne, kafin shingen bincike. Mai fasfo ɗin Najeriya ko Nijar da ya sauka don canza jirgi, sau da yawa ba shi da bizar da za ta ba shi damar fita daga ɓangaren masu wucewa. Shi a ciki zai nemi nasa.

A ciki ma ana samu, in an yarda a taka. Shagunan da ke daf da wurin bincike su ne suka fi tsadar haya, su ne kuma suka fi samun waɗanda suka gaji. Ka wuce su. Ka hau sama ko ka sauka ƙasa, ka je ƙarshen baranda, ka duba inda masu kayan aiki suka yi layi. Ka fifita abin da ake dafawa a gabanka a kan abin da ya daɗe a ƙarƙashin fitilar ɗumamawa. Shinkafar da ta jima da ɗumi-ɗumi, da ganyen da aka yanka tun safe, da abin da aka haɗa da ɗanyen ƙwai, su ne suka fi ɓata ciki, kuma ɓacin ciki a tafiyar awa takwas cikin jirgi wahala ce da ba na yi wa kowa fata.

Abu na biyu da na fi riƙewa shi ne mutum ya ci abincin ƙasar da ya sauka. Kukun da ke Adis Ababa ya tashi da injera tun yana yaro, bai tashi da fiza ba. A filin Bole, inda dubban mutanenmu ke canza jirgi zuwa Jidda, Dubai da Sin, ka nemi injera da shiro, wato miyar garin wani nau'in wake mai kauri da yaji. Kiristocin Habasha suna ƙaurace wa nama da madara a ranakun Laraba da Juma'a da kuma dogon azuminsu, saboda haka sun ƙware a girkin da babu nama a ciki, kuma wannan sauƙi ne ga Musulmin da ke shakkar yanka. Gahawarsu kuwa ba sai an yi dogon bayani ba, daga ƙasarsu ta fito. A sabon filin Santambul, wanda ya karɓi jiragen fasinja na tsohon filin a 2019, an san tsada, amma miyar adas mai zafi da simit, burodin nan mai zobe da aka barbaɗe da riɗi, da ƙaramin kofin shayi, suna riƙe ciki ba tare da sun yashe aljihu ba. A Jidda kuwa alhazai ba su buƙatar a gabatar musu da Albaik. Tun 1974 ake soya wannan kaza a birnin, da miyar tafarnuwarta, kuma tana da reshe a sabuwar Tasha ta 1. Layin da ke gabanta kullum ya haɗa balarabe, ɗan Indonesiya, Bahaushe da ma'aikacin filin.

Maganar halal tana buƙatar a tsaya a kanta, domin a nan ne mutanenmu suka fi shan wahala, wasu su kwana da yunwa saboda tsoro, wasu su ci abin da ba su sani ba. A Jidda, Doha, Dubai, Alƙahira da Santambul hankali a kwance yake game da nama. Matsalar tana farawa ne a Turai, Amurka da gabashin Asiya, kuma ba a naman da ido ke gani ta tsaya ba. Romon taliyar Japan sau da yawa da ƙashin alade ake dafa shi, ko da yankan kaza ne a sama. Miyoyinsu da yawa ana zuba musu mirin, wanda giyar shinkafa ce. Alewa mai taushi da wasu kayan zaƙi suna ɗauke da sinadarin jelatin da ake yawan samowa daga fatar alade. Wasu kayan gashi da kitsensa ake yi. Saboda haka cewa "ba ni kaza" bai isa ba, sai an tambayi abin da aka dafa ta da shi. A Singafo ka nemi tambarin MUIS, majalisar addinin Musulunci ta ƙasar, a manne a jikin rumfa. A Malesiya na JAKIM. A Indiya doka ta wajabta sa alama a kan abincin da ke cikin leda ko kwali: koren ɗigo a cikin murabba'i yana nufin babu nama ko kaɗan. Inda babu ko ɗaya daga waɗannan, kifi gasasshe, dafaffen ƙwai, ayaba, gyaɗa da yogot sun isa su kai mutum zango na gaba cikin natsuwa.

Na cikin jirgi ma ana iya shirya shi tun daga gida. Kamfanonin Saudia, Emirates, Qatar Airways da Turkish Airlines abincinsu duka halal ne. A sauran, akwai abin da ake kira MOML, wato abincin Musulmi, kyauta ne, amma sai an nema tun kafin tafiya da awa 24 zuwa 48. Mai sayar maka da tikiti zai iya sa maka cikin minti ɗaya. Wanda ya bari sai ya zauna a kujera sannan ya tambaya, ma'aikaciyar jirgi ba ta da inda za ta samo masa. Duk da haka na fi son mutum ya ci mai kyau a ƙasa kafin ya hau. Binciken da cibiyar Fraunhofer ta Jamus ta yi wa kamfanin Lufthansa a 2010 ya nuna cewa bushewar iska da raguwar matsinta a cikin jirgi suna rage jin ɗanɗanon gishiri da kashi 20 zuwa 30 cikin 100. Wanda harshensa ya saba da daddawa da barkono zai fi kowa jin lamin, shi ya sa ɗan ƙullin yaji a aljihun jaka yake da rana.

Ruwa kuma ba sai an saya ba. Bayan watan Agustan 2006, lokacin da aka bankaɗo wani shirin kai hari da abubuwan fashewa na ruwa a jiragen da ke tashi daga Landan, aka taƙaita ruwan da fasinja zai wuce da shi zuwa mililita 100 a kowace kwalba, kuma haka yake har yanzu a mafi yawan filaye. Gorar da babu komai a ciki tana wucewa. Manyan filaye da yawa suna da famfon ruwan sha a ciki, galibi kusa da bayan gida ko masallaci.

Akwai kuma abincin da haƙƙin fasinja ne, amma sai ya buɗe baki. Dokar Tarayyar Turai mai lamba 261 ta 2004 ta wajabta wa kamfani ya ciyar da fasinja in jirgi ya yi jinkiri: awa biyu a gajeriyar tafiya, uku a matsakaiciya, huɗu a doguwa. Dokokin NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, su ma sun ce a ba fasinjan cikin gida abin taɓawa in jinkiri ya kai awa biyu. Ethiopian Airlines kan ba wanda zai jira tsakanin awa 8 zuwa 24 a Adis Ababa masauki da abinci in ya cika sharuɗɗa, Turkish Airlines kuma tana da shirin Touristanbul na zagaya gari kyauta, da abinci a ciki, ga mai dogon jira da ke da izinin shiga ƙasar. Na sha ganin dattawanmu zaune a ƙasa tun safe har yamma, jirgi ya yi jinkiri, kunya ta hana su tambaya. Babu roƙo a cikin wannan, kuɗin tikitinsu ne ya biya.

Guzuri dai ba a bar shi ba, kuma ba za a bar shi ba. Dabino, dakuwa, cincin, ƙuli-ƙuli, dambun nama da kilishi duk busassu ne, ba su lalacewa, kuma a mafi yawan filaye suna wuce shingen bincike. Inda ake samun matsala shi ne wurin sauka. Tarayyar Turai ta hana shigo da nama da madara daga ƙasashen da ke wajenta. Amurka ma tana ƙwace naman da ya fito daga yankinmu, kuma tana cin tarar wanda ya ɓoye. A 2022 wani fasinja da ya taso daga Bali ya sauka a Darwin ta Ostireliya da ragowar karin kumallon McDonald's a jakarsa bai bayyana ba, aka ci shi tarar dalar Ostireliya 2,664. Hukumar alhazai kuma kowace shekara tana jan kunnen maniyyata kada su ɗauki goro zuwa Saudiyya. Kilishin hanya a cinye shi a hanya. Abin da ya rage a rubuta shi a takardar kwastam, in sun ce a zubar a zubar.

Duk waɗannan dabaru ne na wanda aka bari ya ƙwaci kansa, alhali hukuma na iya gyara lamarin in ta so. Filin jirgin Portland a Amurka ya daɗe da dokar cewa shago ba zai sayar da abu a ciki sama da yadda yake sayarwa a gari ba, kuma shagunan ba su gudu ba. A Niyok, bayan wani fasinja ya yaɗa hoton farashin kofin giya guda a kan dala 27 da ɗoriya a filin LaGuardia a 2021, hukumar filin ta yi bincike, a 2022 ta tsaurara ƙa'idar cewa ƙari ba zai wuce kashi 10 cikin 100 a kan farashin gari ba. Indiya ta bi wata hanyar da ta fi dacewa da mu. A watan Disamban 2024 gwamnati ta buɗe wani ɗan kanti mai suna UDAN Yatri Cafe a filin Kolkata, inda shayi yake rupi 10, gorar ruwa rupi 10, samosa rupi 20, daga baya aka buɗe irinsa a wasu filayen. Dalilinsu shi ne yanzu talaka ma yana hawa jirgi.

Mu ma haka ne. Masu cika filin Malam Aminu Kano da na Diori Hamani a Yamai ba attajirai ba ne kawai. Akwai manomin da ya sayar da shanunsa ya biya kujerar Makka, da tsohuwar da 'ya'yanta suka haɗa mata kuɗin Umara, da ɗalibi, da mara lafiyar da za a kai Alƙahira, wasunsu masu ciwon suga ne da yunwa ke iya kayarwa. Ina roƙon FAAN, hukumar filayen jiragen sama ta Najeriya, da takwararta ta Nijar su ware shago ɗaya a kowane fili, bayan shingen bincike, a sauƙaƙa masa haya, a sayar da shayi, burodi, ƙosai, kunu da ruwa a farashin gari, a rubuta farashin da manyan baƙaƙe cikin Hausa inda kowa zai gani.